Shekarar da Na Goya Babanku

Na gaji da jin labarin nan daga bakin waɗanda ba su wurin. Shi ya sa na sa 'yata Balkisu ta sayo mini littafi mai layi da biro biyu, na zauna in rubuta shi da hannuna, duk da baƙaƙena manya ne kamar sawun kaza a laka. Sai da na ba hamsin baya na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina zama a tabarma ɗaya da matan da na halarci sunansu. A lokacin na ce muku don in riƙa karanta takardar asibiti na shiga. Ba gaskiya ba ne. Don wannan babin na shiga. Abin da kuka karanta a baya, na ƙuruciyata da na aurena, duk share fage ne.

Ku huɗu na haifa, ku huɗu nake rubuta wa, amma kai ɗan fari, da kai nake. Ban taɓa kiran sunanka da bakina ba, ba kuma zan fara a takarda ba. Kai ka gina mini ɗakin nan, kai ka kai ni Makka, buhun shinkafa bai taɓa yankewa a gidan nan ba. Ban ce ka rage ni da komai ba. Amma yau shekara talatin da ɗoriya, in ka zo gaishe ni, a dokin ƙofa kake durƙusawa, ka gaishe ni irin gaisuwar da ake yi wa maƙwabciya, ka miƙe. Ba ka sake zama a tabarmata ba tun shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato. Na san dalili. An ce maka ni na kayar da babanka a gangaren Kalgo, na nakasa shi. Ni ma da bakina na faɗi haka. To, ka saurara.

Babanku maɗori ne ɗan maɗori, wannan kun sani. Abin da ƙananan cikinku ba su sani ba shi ne dokar gidansu: hannun da ya ɗaure karaya, shi ke kwance ta. In ya ɗora ƙafar wani a Malisa, dole ya koma da kansa ya kwance, ya shafa man shanu, ya lalubi yadda ƙashin ke kamawa, ya sake jera karare ya ɗaure, haka har mai ƙafa ya taka. Ba a aike, ba a wakilci. Saboda haka rabin rayuwarsa a kan keke ya yi ta. Ya fita Gwandu da sassafe, ya bi ta Malisa da Masama da Dalijan, ya shiga ƙananan ƙauyukan da ke maƙale a gindin tuddai, ya miƙa yamma har Kalgo inda yake da mutane tun zamanin mahaifinsa, ya kwana, ya juyo ta wata hanyar. Kwana biyar a hanya, kwana biyar a gida. Keken baƙi ne, dogo, mai ƙarfe a tsakiya da kariyar ɗaukar kaya a baya, kuma ba shi da birki. Tun yana sabo ya kwance birkin ya jefar, wai kayan matsorata ne. In zai tsaya, sai ya miƙa ƙafar dama ya danna tayar gaba da diddigen takalminsa na taya. Duk takalmin da ya sa, sai ka ga diddigen dama ya yi kwari kamar an kwarfe shi da wuƙa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Idonsa a hankali ya tafi. Da farko ya ce hayaƙin murhuna ne. Daga baya ya fara cin karo da turmi a tsakar gida da rana tsaka. Da aka kai shi asibitin ido, likita ya ce an makara, jijiyar ta riga ta mutu. Ya dawo ya zauna a zaure, hannuwansa bisa gwiwa, hannuwan da babu abin da ya same su. A lokacin akwai mutum tara da ɗorinsa a jikinsu, warwatse daga Dalijan har Kalgo, kowa yana jiran hannun da ya ɗaure.

Aka yi taro a tsakar gidanmu bayan la'asar. Akwai wansa, Baffa Garba, wanda noma ya ɗauka, ɗori bai karɓe shi ba. Akwai kakarku Tumba a kan kujerarta 'yar tsugunne. Ni ina bakin murhu, ba a kira ni ba, amma gidana ne. Kai a lokacin kana makarantar horon malamai, saura shekara biyu ka gama.

"Magana ɗaya ta," in ji Baffa Garba. "A ɗauko yaro daga makaranta. Shi riƙa goyon ubanai bisa keke, shi koyi ɗori a hanya. Boko ba gadonmu ba na."

Kakarku ta ce, "Awo, haka za a yi."

Na dubi babanku. Na jira shi, na jira, har tuwo ya fara kamawa. Sai na aje muciya.

"Ba a taɓa min yaro," na ce.

Baffa Garba ya juyo kamar akuya ce ta yi magana. "To wa za ya goya shi? Ke?"

"Ni."

Ya yi dariya har da tari. Kakarku kuwa ba ta yi ba, ta san ni. Ta ce, "Kulu, mace bisa keke? A Gwandu, garin malamai? Ki goya mijinki kamar jinjiri, duniya na kallo?"

Na ce, "Inna, duniya ta daɗe tana kallo, ban ga ta taɓa ɗaukar wa kowa kaya ba. Ku nuna min malamin da zai ce haramun ne, in bari."

An tambayo. Malamin ya ce bai ga haramci ba in na rufe jikina, sai dai ba a saba ba. Na ce rashin sabo ba zai hana ni ba, haihuwar fari ma ban saba ba na yi. Da kowa ya watse, babanku ya ɗago kai wajen da yake jin motsina.

"In za ki kada ni," ya ce, "ki zaɓi inda yashi."

Ina da shekara kusan arba'in na koyi keke, a masussukar bayan gida, daga sallar asuba zuwa fitowar rana. Na rage wani tsohon wandonsa na sa ƙarƙashin zane, na ɗaure mayafi tamau a ƙugu. Na faɗi har na daina ƙirgawa. Gwiwata ta hagu har yau tana da tabon. Abu na farko da na yi da na iya tafiya miƙe, na tura keken wurin mai faci a bakin kasuwa ya ɗaura masa birki gaba da baya, don ni ban ga dalilin da zan kai ƙafata bakin taya tana gudu ba. Babanku ya shafa hannun birkin ya yi tsaki, ya ce na mai da masa doki jaki. Sannan na fara goyon buhun gero, sannan ƙannenka Balkisu da Nana a tare, sannan shi.

Ranar da muka fara fita, kamar an yi shela. Mutane suka fito ƙofar gida. Wani mahauci, Ɗan Ige, ya ɗaga murya daga rumfarsa.

"Sannu da goyo, Kulu! Yaushe za a yaye shi?"

Na tsaya, na sa ƙafa ƙasa. Na ce, "Ɗan Ige, ran da ka karye, ni za ni kawo ma shi har gado. Ka aje min wannan tambayar, ka sake yi ran nan."

Bai cika wata huɗu ba sa ya take masa ƙafa. Na kai babanku. Ɗan Ige ya yi ta kallon rufin ɗaki. Amma kar ku ɗauka haka abin ya riƙa ƙarewa. Yawanci ba na ramawa, don ba ni da numfashin ramawa. Matan unguwa suka daina aiko mini goron suna. Wana da muke ciki ɗaya ya daina cin abincin gidana. In na shiga gidan biki sai hira ta mutu, a bi ƙafafuna da kallo a ga ko wandon na leƙowa.

Hanyar kuwa, wanda ya bi ta a mota bai san ta ba. A mota ƙasar nan shimfiɗaɗɗiya ce. Sai ka hau keke da namiji a bayanka za ka san duk tudu ce. Jar ƙasa mai tsakuwa, tuddai masu kai a baje kamar an yanke su da wuƙa, hanya ta bi gindinsu ta nannaɗe, ta hau, ta sauka cikin yashi, ta sake hawa. Muka samo yadda za mu yi. In mun zo hawa, sai mu sauka mu biyu, ni in riƙe kan keke in ba shi hanya, shi ya kama kariya ya tura, don ƙarfinsa na nan, ido ne babu. In mun kai sama mu hau, in riƙe birki mu gangara a hankali kamar masu ɗauke da ƙwai. Ni ke da ido, amma shi ya san hanya. Yana zaune a baya, ya kama ƙasan sirdi, don ko a daji bai yarda ya riƙe ƙuguna ba, sai in ji ya ce, "Ɗorawa uku na nan gaba, daga su sai yashi, ki kama hagu." In duba, ga ɗorawa uku. Daga ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya yake gane inda muke. Ya san tudun da ake hutawa a rabinsa, da rijiyar da ruwanta ke da gishiri, da gidan Fulanin da za a ba mu nono ba sai mun tambaya ba.

Wahalar ba ta faɗuwa, amma zan ɗan faɗa, don an riƙa cewa daɗi nake ji. Cinyoyina suka yi tauri kamar itace. Tafin hannuna ya mutu, in na sauka sai in kasa riƙe ludayi. Sirdi ya yi mini gyambon da ba na iya nuna wa kowa. A gidajen da muke kwana, shi a zaure, ni cikin mata, su yi ta kallona kamar wata dabbar da aka kamo, sai daga baya wata tsohuwa ta dafa ruwan zafi ta gasa mini ƙafafu. Wannan tsohuwar ta Masama, Allah Ya ji ƙanta, ita kaɗai ta taɓa tambayata ko na gaji. In yana aiki ni ke riƙe masa gaɓar, ni ke miƙa karare da tsumma. Na ga ɗori ya fi ɗari, amma ban taɓa ɗaurewa ba. Ba jinina ba ne, ban kuma nema ba. Mu dawo gida in tarar da wanki da daka suna jirana, Balkisu tana 'yar shekara goma sha uku ta riƙe gida iyakar ƙarfinta. In huta kwana biyar da ba hutu ba, mu sake fita.

Mutum taran nan duk suka taka, wasu suka biyo bayansu. Kai kuma kana ajinka. Wannan nake tunawa in tudu ya ƙi ƙarewa.

Amma babanku yana ƙanƙancewa a bayana, ina ji. Mutumin da in ya shigo gari a da, yara ke bin kekensa da gudu, yanzu sai a ce, "Ga Kulu ta kawo shi." Ya rage magana. Wata rana a fadamar Masama, hanya miƙe, babu kowa, ya ce in tsaya.

"Ba ni kan nan in ji."

"Ka ji mi?"

"In ji ko yana nan yadda na bar shi. Ke zauna baya, ki zama idona."

Na ba shi. Ya hau, na zauna a kariya, ina cewa dama, hagu, miƙe. Wallahi ko karkacewa bai yi ba. Bayansa ya miƙe, wuyansa ya miƙe. Da ya gaji da kansa ya bari keken ya tsaya cikin yashi, muka sauya. Daga ranar, in mun samu fili babu idon mutane, nakan ba shi. Ya kai sau biyar ko shida. Kullum a shimfiɗe, kullum yashi ke tsayar da mu, ba a taɓa bukatar birki ba. Ba wanda ya sani.

Damina ta yi nisa. Tayar gaba tsirara take, tana watso mini jar laka tun daga ƙafa har haɓa, in isa gidan mutane kamar an tono ni. Ana gobe za mu fita, na kai keken wurin mai faci ya ɗaura mini murfin ƙarfe a kan tayar, irin mai tare laka. Ban gaya wa babanku ba. Na san zai ce na mai da masa keke amarya, ni kuwa na gaji da tsakinsa. Shi kuma a baya yake zama, a baya yake turawa, hannunsa bai kai gaba ba. Kwana uku muna tafe bai sani ba.

Da hantsi muka kai kan tudun ƙarshe kafin Kalgo. An yi ruwa kwana biyu da suka wuce, gari ya wanku. Daga can sama kana ganin gero ya fid da kai, kana ganin fadama tana ƙyalli da ruwan shinkafa, da rufin gidaje a ƙasa. Hanyar ta gangara doguwa, miƙe, ba kowa a kanta. Muna haki mu biyu. Ya tsaya, ya juya fuskarsa wajen iska.

"Kan tudun Kalgo na wanga," ya ce.

"Shi na."

"Ba ni."

Na ce, "A'a, Malam. Wanga gangare na, ba fadama ba."

"Shekara ashirin da biyar ina sauka nan, Kulu. Ko ina kwana na san shi. Babu kwana, babu rami, sai can ƙasa yashi ya tare ka."

"Na ce a'a."

Ya dafa sirdi. Sannan ya ce, a hankali, ba da faɗa ba, "Wata goma sha huɗu ina zaune bayanki kamar buhun gero. Sau ɗaya. Ban sake roƙonki."

Da faɗa ya yi da na iya da shi. Roƙo ne ban saba ji daga bakinsa ba. Na saki kan keken.

Zan faɗi gaskiya duka, har wadda ba ta taimake ni ba. Rabin farko na gangaren nan, ban taɓa jin abu mai daɗinsa ba. Bai taka feda ba, keken ya ɗauke mu da kansa. Iska ta cika masa riga, ta fizge mini mayafi. Sai na ji yana dariya, dariya sosai daga ciki, irin wadda rabona da ita tun kafin idon ya tafi. Ni ma na yi. Na kama ƙugunsa, bai hana ba. Ina leƙe ta gefen kafaɗarsa ina cewa miƙe, miƙe, sai na hango abin da babu shi kwana goma da suka wuce: ruwa ya yanke hanya, ya yi kwari a tsakiyarta, zurfinsa ya kai gwiwa.

"Tsaya! Rami! Birki, Malam, birki na hannunka!"

Yatsunsa suna kan birkin, ina ganinsu. Amma jiki ba ya tambayar kai a irin wannan lokaci. Shekara ashirin da biyar ƙafa ke tsayar masa da keke. Ya miƙa ƙafar dama ya danna inda taya take. Diddigen ya sauka kan murfin ƙarfe, ya zame, ƙafar ta shige cikin wayoyin tayar. Na ji ƙarar kafin in ji faɗuwar. Duk wanda ya zauna da maɗori ya san wannan ƙarar.

Ni na faɗa cikin gero, ƙujewa kawai na yi. Shi yana kwance a bakin kwarin, ƙwaurinsa ya lanƙwashe inda ba gaɓa. Bai yi ihu ba. Ya lalubi ƙafar da hannu biyu, ya ce wuri biyu ta karye. Sannan ya miƙa hannu ya lalubo keken, ya bi tayar gaba da yatsu har ya taɓa murfin. Ya daɗe yana shafa shi.

"Mi na wanga?"

"Murfi na. Na sa saboda laka."

"Yaushe?"

"Ran da za mu fito."

Bai ce kin kyauta ba, bai ce ba ki kyauta ba. Ya ce in kwance jakar karare. Na ce a bari a kai shi gari. Ya ce kafin a kai shi ƙafar ta kumbura, kuma duk faɗin nan babu maɗori sai shi. Ya kama gwiwarsa da hannu biyu, ya ce in kama idon sawu.

"Ja, Kulu. Ja kamar kina jin haushina."

"Ina ji," na ce, na ja.

Ya suma, ya farfaɗo, ya gaya mini inda zan jera karare, na jera, na ɗaure. Ina gama ƙulli na ƙarshe muka ji kukan amalanken shanu tana tahowa daga ƙasa. Ya cafke hannuna.

"Ki ce ke ta bisa sirdi."

Na ce, "Don mi?"

"In anka ji makaho ya karɓi kan keke da kainai a gangare, wa za ya sake miƙo min ƙafar ɗansa? Za a ce hankali ya bi ido. In aikin ya mutu, Garba za ya ɗauko yaron nan ya kai shi gona, kuma wannan karon ba ki da keken da za ki hau ki hana."

Amalanken tana matsowa. Na dubi maganarsa ta kowane gefe, ban ga inda ta karye ba. Ni dai sunana ya riga ya lalace, ƙarin laka ba ya canza wa laka kama. Haka na ɗauka. Da mai amalanken ya tambaya, na ce ni ce, gudu na yi, birki ya ƙwace mini.

Kafin mu iso Gwandu labari ya riga mu. Baffa Garba ya tsaya a tsakar gida ya faɗi abin da ya daɗe yana tanadi. Ya so a kwance ɗorin a sake, babanku ya ce doka doka ce, hannun da ya ɗaure shi ke kwancewa. Haka na yi jinyar ƙafar nan da hannuna har ta kama. Ta kama a karkace, ta gajarce da kamar yatsu uku. Wannan aikina ne, ban musa ba. Bai sake tafiyar da ta wuce masallaci ba.

Kai ka zo a mako na biyu. Ina zaune a ɗaki ina shafa masa man shanu, ka tsaya a dokin ƙofa da jakarka a kafaɗa, ka dubi ƙafar, ka dube ni. Na tuna maganarka kalma kalma, ban ce don in kunyata ka ba, yaro kake.

"Inna, da kin bari an ɗauko ni, da bai karye ba. Son a ce kin iya ne ya ja mana."

Babanka yana kwance, idonsa biyu, kunnensa ras. Na jira shi, kamar yadda na jira shi ranar taro. Ya juya fuska wajen bango.

Dabararsa ta yi aiki, wannan kam ba zan hana shi ba. Mutane suka tausaya masa, malamin kirki da mace ta kayar. Tunda ba ya iya zuwa, sai aka riƙa kawo masa masu karaya a amalanke da mota har zaure, daga Dalijan, daga Malisa, har daga Kalgo. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana ɗori a zaune, gidan nan bai nemi komai wurin kowa ba. Ka gama makaranta, ka zama malami, ka zama abin da ka zama. Sau biyu na ce masa ya gaya maka. Na farko ya ce a bari ka gama. Na biyu ya ce a bari ka yi aure. Ban tambaya na uku ba, na gane ba zai iya ba. Mutum ne mai ƙarfin hali a kan ƙashi, ba a kan kunya ba. Ya rasu da safiyar wata Laraba, hannunsa cikin nawa, maganar tana cikinsa. Na yafe masa, na kuma yi ta sake yafe masa, don abin yakan dawo.

Za ka ce me ya hana ni faɗa bayan ya rasu. Na gwada. Sau nawa kana durƙushe a ƙofar nan ina tattara maganar a baki, sai in ga kana duban agogo. Kuma magana da baki a kan wanda ya mutu, sai ta zama kamar ƙara. Takarda ba ta ɗaga murya, ba ta kuka, kana iya aje ta ka sake ɗauka. Shi ya sa na je na zauna da yara ina koyon baƙaƙe tun daga a da ba.

Ban rubuta don in wanke kaina tas ba. Laifina biyu: na saki kan keke ga makaho a gangare, na kuma ɓoye masa murfin da na sa. Waɗannan na ɗauka, zan je da su gaban Allah. Amma ban kayar da shi don a ce na iya ba, ban kuma hau keke don daɗi ba. Na hau ne don kada a ɗauko ka.

Keken yana nan rataye a tsohon ɗakin ajiya, bayan turmin da ya tsage. Ban bari an gyara shi ba, ban bari an sayar ba. Ka je ka sauko da shi. Tayar gaba ce ta lanƙwashe, wayoyinta bakwai a tsinke, a kan murfin kuma akwai lotsawa da baƙin zanen takalmin taya. Baffa Garba ya ga keken nan, kakarku ta gan shi, rabin Gwandu sun gan shi. Kai ma ka wuce ta gabansa ranar da ka zo. Kai malami ne, ka koyar da yara lissafi shekara da shekaru. To ka gaya mini, wanda ke zaune a kariya, ta ina ƙafarsa za ta shiga tayar gaba? Shekara talatin ba wanda ya tambaya, don amsar da aka samu ta yi wa kowa daidai.

Hannuna ya gaji, biron ma ya fara yankewa. Nana ta shimfiɗa mini sabuwar tabarma, babba ce, ta fi ƙarfin mutum ɗaya. In ka zo, ka tuɓe takalmi ka shigo. In kuma ba za ka iya ba, to ka gaishe ni a tsaye, ka bar durƙuson nan a ƙofa. Gwiwarka ta fara ciwo, ina jin ƙararta duk sa'ad da ka miƙe.